Nasiha Ga Mai Turka Maruƙa, Kafin Ya Ɗauki Sirinji

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya sanya alheri a wannan sana'a da ka kama. Kiwon turke sana'a ce ta halal mai rufin asiri, kuma na ji daɗi da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka aikata. Ka ce ka ga a bidiyo yadda manyan masu kiwon shanun nama suke yi a Amurka: da zarar an sauke maruƙa daga mota, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya ana tsira musu allurar antibayotik, mai lafiya da marar lafiya, don kada ciwon huhu ya kwantar da su. Kana so ka san ko kai ma ka riƙa yin haka duk lokacin da ka kawo sababbin dabbobi daga kara. Ka ba ni hankalinka, domin abin da ka gani gaskiya ne, sai dai ƙarshen zance ka gani, farkonsa yana can baya.

A ƙasar tasu, maruƙa da yawa ana haifarsu ne a ƙananan gonaki na jihohin kudu maso gabas, irin su Kentaki da Tenesi da Alabama, alhali manyan wuraren turke suna can yamma, a Teksas da Kansas da Nebraska, inda wuri guda kan ɗauki shanu dubu goma-goma. Ka ɗauki maraƙi ɗan wata bakwai, mai nauyin kilo 200 ko sama da haka kaɗan. Da safe yana bin uwarsa yana shan nono. Kafin azahar an raba su, an loda shi zuwa kasuwar gwanjo. A can zai kwana cikin maruƙan da suka fito daga gonaki barkatai, kowanne da irin cutar da ya ɗauko daga gida. Daga nan a cusa su a tirela, a yi tafiyar da takan wuce kilomita dubu, ba ci ba sha. Ya isa wurin da bai san kwamin ruwa ba, bai taɓa cin abinci a kwami ba, yana ta kukan neman uwa har muryarsa ta dishe. Ba a taɓa yi masa rigakafi ba, kuma idan namiji ne, wataƙila a ranar za a dandaƙe shi. Irin wannan maraƙi shi ne suke cewa yana cikin babban haɗari, kuma dominsa aka ƙirƙiro allurar da ka gani.

Abin da yake kashe shi ba baƙo ba ne a jikinsa. Akwai wata ƙwayar bakteriya da ake kira Manhemiya, tana zaune a hanci da maƙogwaron shanu masu ƙoshin lafiya ba tare da ta cutar da su ba. Haka ma 'yan uwanta, Fasturela da Histofilus. Idan wahala ta yi wa dabba yawa, ga yunwa, ga ƙishirwa, ga firgici, ga ƙura, sai garkuwar jikinta ta yi sanyi. Ƙwayoyin bairos da ta kwaso a kasuwa su lalata 'yan siraran gashin da ke share hanyar numfashi. Ƙofa ta buɗe ke nan, bakteriyar ta yi ta hayayyafa, ta gangara cikin huhu, ta zuba dafin da ke kashe ƙwayoyin jinin da suka zo yaƙarta. Ga shi kuma Allah ya halicci saniya da huhu ƙarami idan aka gwada da girman jikinta, ba ta da rarar da za ta yi asara. Duk wanda ya taɓa tsayawa aka feɗe maraƙin da wannan ciwo ya kashe ba zai manta ba: gaban huhun da ƙasansa sun yi jawur, sun yi tauri kamar hanta, wani farin yauƙi ya manne su da haƙarƙari, sai ɗan abin da ya rage a sama shi ne dabbar take ta fama da shi tana numfashi. Wannan ciwo shi ne kan gaba wajen kwantar da shanu da kashe su a wuraren turke na Amurka, kuma ya fi yin ɓarna a makonnin farko bayan saukarsu.

To me ya sa ba sa jira su ga wanda ya kamu su yi masa magani shi kaɗai? Saboda saniya dabba ce mai ɓoye ciwo. Idan ta ga mutum sai ta daure ta miƙe kamar lafiyarta ƙalau. Ma'aikaci ɗaya a kan doki yana zagaya dubban kawuna, dole wasu su kuɓuce masa, kuma an sha ganin tabon ciwon huhu a mayanka a jikin shanun da ba a taɓa sanin sun yi rashin lafiya ba. Da aka samu magunguna masu daɗewa a jiki, sai aka ga dabara. A 1992 aka amince da tilmikosin a Amurka, wanda ake sayarwa da sunan Micotil. A 2005 tulatiromaisin ya fito a can da sunan Draxxin. Allura ɗaya a ƙarƙashin fata, maganin ya taru a huhu ya yi kwanaki yana aiki, daidai lokacin da maraƙin ya fi rauni. Gwaje-gwaje da yawa sun nuna wannan allurar bai-ɗaya tana rage yawan masu kwantawa, sau da yawa zuwa kusan rabi, tana kuma rage mace-mace. Ba zan rage mata daraja ba, ɗana. A inda ta dace, jinƙai ce ga dabba, kariya ce ga dukiya.

Amma ka lura da sharuɗɗan da hoton bidiyo ba ya nunawa. Na farko, ba kowace mota ake yi wa ba. Binciken da ma'aikatar gona ta Amurka ta yi a 2011 ya nuna cewa a manyan wuraren turke, kusan ɗaya cikin biyar na shanun da aka shigo da su ne aka yi wa wannan allura. Sauran, da yake manya ne, ko daga gona ɗaya suka fito, ko an riga an yi musu rigakafi, sai a bar su a zuba musu ido. Na biyu, likitan dabbobi ne yake tsara wa za a yi wa da kuma wane magani. Na uku, ana auna nauyin dabba a sikeli, a ba ta daidai abin da nauyinta ya buƙata. Na huɗu, kowace dabba da lambarta a kunne, ana rubuta abin da aka yi mata da ranar, kuma ba ta zuwa mayanka sai kwanakin da aka ƙayyade sun cika. Wanda ya ɗauki allurar ya bar waɗannan huɗu, ya ɗauki haɗarin ne ya bar amfanin.

Duk da wannan tsari nasu, abin bai tafi kyauta ba. Ƙwayar cuta halitta ce mai koyon darasi. Duk lokacin da aka watsa magani a garke, masu rauni a cikinsu su mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, har su riƙa miƙa wa junansu dabarar bijire wa magani. Ɗakin gwajin cututtukan dabbobi na Jami'ar Jihar Kansas ya duba ƙwayoyin Manhemiya da aka ciro daga shanu masu ciwon huhu. A 2009, kashi 42 cikin ɗari sun bijire wa magunguna uku ko fiye. Zuwa 2011 adadin ya kai kashi 63. Cikin shekara biyu kacal ke nan. Shi ya sa hukumomi suka fara ɗaure igiya. Tarayyar Turai, tun daga Janairun 2022, ta taƙaita bai wa garke antibayotik gaba ɗaya sai inda haɗarin yaɗuwar cuta ya yi yawa kuma babu wata mafita. A Amurka kuwa, daga Yunin 2023, irin waɗannan magunguna masu muhimmanci ga lafiyar ɗan Adam ba a sayar wa mai kiwo sai da takardar likita, har da taramaisin ɗin da mu muke saya a tebur ranar kasuwa.

Kada ka ɗauka wannan damuwar Turawa ce. Magungunan shanu da na mutane dangin juna ne. Tulatiromaisin ɗan gida ɗaya ne da azitiromaisin da ake ba yaro mai ciwon haƙarƙari. Babban binciken da aka wallafa a mujallar likitoci ta Lancet a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin bakteriya da suka daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi tsanani idan aka gwada da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma, wato nan gidanmu. Ba kiwo kaɗai ya jawo haka ba, amma kiwo yana da nasa kason, kuma kowane mai turke zai amsa nasa.

Su kansu masu hankali a cikin makiyayan Amurka sun gane cewa allurar ranar sauka biyan bashi ne na sakacin da aka yi a baya. Shi ya sa suka koma gyara tun daga tushe. Masana a Jami'ar Texas A&M sun fito da tsarin da ake yaye maraƙi a gonar da aka haife shi, a riƙe shi kwana 45 kafin a sayar, a yi masa rigakafi, a dandaƙe shi tun da wuri, a koya masa ci da sha a kwami. Irin waɗannan maruƙa ba su cika kwantawa ba, kuma masu saye suna biyan ƙari a kansu da daɗin rai. Wannan shi ne darasin da nake so ka ɗauko daga wurinsu kafin kowane.

Yanzu mu dawo gida. Halinka da nasu ba ɗaya ba ne ta fuskoki da dama. Kai kawuna ashirin ko talatin kake turkewa, kana iya duban kowanne ido da ido safe da yamma, abin da mai dubu hamsin ba zai iya ba. Yawancin abin da ake saya don turke a Potiskum ko Maigatari ko Wudil ko Illela bijimai ne da suka tasa, sun daɗe da barin nono, sun saba da wahalar daji. Ba su cikin irin haɗarin ɗan wata bakwai da aka fizge daga uwarsa jiya. Sannan ka dubi yadda ake allurar a wurinmu. Kwalba ta wuni a rana a kan tebur, ba a san inda ta fito ba, wata ma ba ta da lambar NAFDAC. A dubi sa a ƙiyasta nauyinsa da ido, a zuƙi abin da aljihu ya iya ɗauka, a bi garke duka da allura guda. Rabin magani ba ya kashe cuta, horar da ita yake yi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi a zuciyata. Muna da wani ciwon huhu na shanu mai yaɗuwa, wanda ƙwayar Maikofilazma take kawowa, wanda makiyayanmu suka sani sarai kuma suke tsoro. Amurka ta kawar da shi daga ƙasarta tun 1892, don haka mai turke a Kansas ba ya tunaninsa idan ya ɗauki sirinji. Mu kuwa yana nan tare da mu, yana bin burtali da kasuwanni. Yakan yi makonni, wani lokaci watanni, a jikin dabba kafin ya bayyana. Idan ka bi sababbin dabbobi da taramaisin, kana iya kwantar da alamunsa ba tare da ka kawar da shi ba. San ya miƙe, ya ci, ya yi ƙiba, alhali akwai ƙulli a huhunsa da ƙwayar take raye a ciki, tana jiran ranar da wahala za ta sake kama shi ta fito ta bi sauran. Ka ga allurar da aka yi don kariya ta zama mayafin cuta. Wannan ciwo na hukuma ne, dokar ƙasa ta ce a kai rahotonsa, kuma makaminsa rigakafi ne da ake maimaitawa duk shekara, wanda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom take haɗawa. Mu da muka ga abin da cutar bushiya ta yi wa garkunan Arewa a farkon shekarun 1980 mun san ƙarfin rigakafi. Ba antibayotik ya kori bushiya ba, rigakafi ne da sa ido, har aka ayyana ƙarewarta a duniya a 2011.

Saboda haka ga abin da nake ba ka shawara. Aikin yana farawa tun a kara. Kada araha ta ruɗe ka, araha ba ta ado. Ka tsaya nesa kaɗan ka kalli dabbar kafin dillali ya tashe ta da sanda. Ka sa a ɗan zagaya da ita, ka saurari ko za ta yi tari. Ka tambayi daga ina ta fito, kwana nawa ta yi a hanya, kasuwa nawa ta shiga. In da hali ka sayi dabbobinka daga hannu ɗaya ko rugage kaɗan da ka sani, ya fi ka tsinto ɗaya-ɗaya daga kowace kusurwa. Wajen lodi kada ka bari a cunkusa su don rage kuɗin mota, kuma ka guji tafiyar tsakar rana.

Idan sun sauka, ka ajiye sirinji tukuna. Ruwa mai tsabta suke buƙata, da inuwa, da busasshen wurin kwanciya, da harawa ko ciyawa mai kyau. Dusa da angurya a hankali za ka riƙa ƙarawa cikin kwanaki, kada ka cika musu kwami a ranar farko cikinsu ya lalace. Ka ware su daga tsofaffin dabbobinka na tsawon wata guda, da kwaminsu daban. Lokacin hunturu ka yayyafa ruwa ka kwantar da ƙura, ka kare su daga iskar dare, amma kada ka toshe wurin har warin fitsari ya riƙa hawa kai, domin shi ma yana cin huhu. Bayan sun huta sun fara ci, likita ya zo ya tsara maganin tsutsa da na hanta da rigakafin da ya dace. Dandaƙa da duk wani aiki mai wahalarwa, a jinkirta har su dawo hayyacinsu.

Sai babban aikinka, wato kallo. Ka fito da sassafe lokacin zuba abinci, ka tsaya shiru. Mai lafiya zai taso ya yi miƙa ya nufo kwami, yana lasar hancinsa. Wanda ciwo ya fara taɓawa zai tsaya a baya shi kaɗai, kai a sunkuye, kunne ɗaya ko duka biyu a saɓule, ido ya yi rauni, kwiɓi ya faɗa saboda bai ci ba, majina ta bushe a hanci don ya daina lasa. Numfashinsa gajere ne da sauri. Idan abin ya yi nisa za ka ga ya miƙe wuya, ya buɗe ƙafafun gaba, yana nishi. Kada ka jira wannan mataki. Ka sayi ma'aunin zafi, kuɗinsa bai kai na kwalbar magani ɗaya ba. Ka auna ta dubura da safe kafin rana ta yi zafi. Idan ya kai digiri 40 ko ya wuce, tare da waɗancan alamu, ka ware shi, ka kira likita a ranar. Ciwon huhu na kwana ɗaya yana jin magani, na kwana biyar sau da yawa ya riga ya ci abin da zai ci.

Ban ce ranar allurar bai-ɗaya ba za ta taɓa zuwa maka ba. Idan ka kawo ƙananan maruƙa sababbin yaye, daga kasuwanni daban-daban, bayan doguwar tafiya, ka ga sun sauka a galabaice, ko kuwa ciwo ya shiga ya fara kwantar da su kullum, to wannan hali ne da ya cancanci a duba. Wasu likitoci suna da ma'auni: idan ɗaya cikin goma na garke yana kamuwa kwana biyu ko uku a jere, ko kashi ɗaya cikin huɗu ya kwanta a rana guda, sai a yi wa duka. Amma likitan ne zai yanke, bayan ya tabbatar ba wancan ciwon mai yaɗuwa ba ne. Idan an yanke, a yi shi cikakke. A auna ƙirji da tef a ƙiyasta nauyi. Taramaisin mai dogon aiki, mai ƙarfin kashi 20, mililita ɗaya ne ga kowane kilo goma, wato maraƙi mai kilo 200 mililita 20 yake buƙata, a raba wuri biyu a wuya. A riƙa canja allura. A rubuta rana da sunan magani a littafi. A ba maganin kwanakinsa ya yi aiki, kada gobe a ɗora masa wani don gaggawa. Kuma ina gargaɗinka da babbar murya game da tilmikosin: ya kashe mutanen da suka soki kansu da shi bisa kuskure, domin zuciya yake kamawa, yana kuma kashe awaki da dawaki. Ba maganin da za a bar wa yaron gida ba ne.

Abu na ƙarshe ya shafi tsoron Allah. Kowace kwalba tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira kafin a yanka dabba, wasu kusan wata guda, wasu fiye. Ka karanta, ka kiyaye. Na san jarabawar da ke zuwa idan sa ya ƙi tashi bayan an yi masa allura jiya, mahauci kuma yana bakin ƙofa da kuɗi a hannu. Naman nan cikin mutane zai shiga, har da mai ciki da jariri da tsoho. Haka kuma wanda ya danne ciwo da allura ya kai dabba kasuwa ya sayar a matsayin lafiyayya, ya ci amanar ɗan uwansa, ya kuma aika cuta garken da bai san hawa ba bai san sauka ba. Asarar sa ɗaya ana mayar da ita, amma haƙƙin mutane nauyi gare shi.

Don haka, ɗana, ka zuba kuɗinka a zaɓen dabba tagari, da ruwa, da abinci, da rigakafi, da ladan likita. Ka bar antibayotik ya zama abin da ake ɗaukowa idan buƙata ta tabbata, a yi shi daidai, a mayar da shi wurinsa, domin ya yi maka aiki ranar da kake matuƙar nemansa, ya kuma yi wa 'ya'yanka aiki a asibiti. Ka isar da wannan ga abokan sana'arka, in kunne ya ji jiki ya tsira. Allah ya tsare maka dukiyarka, ya ba ka riba mai albarka, ya sa ka fi ƙarfin zuciyarka. Amin.